Haƙarƙarin da Ya Gagari Kwamfuta: Tarihin Lissafin Iska da Zafi a Cikin Fiffiken Injin

A cikin injin jirgin sama, da kuma injinan gas da ke juya janareta a tashoshin lantarki irin su Geregu da Afam, akwai jerin fukafukai na ƙarfe da ke tsaye a bakin wuta. A mafi ƙarfin injinan yau, iskar da ta ƙone tana isowa da zafin da ya kai digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas, alhali gaurayen ƙarfen nikel da aka zuba fukafukan da shi yakan fara narkewa tun wajen digiri 1,300 zuwa 1,400. Dabarun da ke hana fiffike narkewa suna da yawa, akwai shafen tangaran a waje, akwai ƙananan huji masu fitar da iska ta lulluɓe jikinsa, amma tushensu shi ne cikin fiffiken rami ne. Ana ɗebo iska daga kwamfireso kafin ta shiga ɗakin ƙuna, a bi da ita ta hanyoyi masu lanƙwasa a cikin ƙarfen, kuma a bangon waɗannan hanyoyi an jera ƙananan haƙarƙari a gicciye, kamar kunyoyin gona, don su tuntuɓe iskar su hargitsa ta. Injiniyoyi sun shafe fiye da rabin ƙarni suna neman lissafin da zai faɗa musu, kafin a zuba ƙarfe, yawan zafin da iskar za ta kwashe a kowane taƙi na wannan bango. Abin da tarihin wannan nema ya nuna, a ganina, shi ne lissafi bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Duk ci gaban da ya samu, awo ne ya fara tona masa asiri sannan ya gyaru, kuma wanda ya ɗauka kwamfuta ta sallami ɗakin gwaji bai bi labarin da kyau ba.

Matsalar ta girmi injin jirgi da shekaru masu yawa. Claude-Louis Navier a Faransa a 1822 da George Stokes a Ingila a 1845 sun rubuta ƙa'idojin da ke bayyana motsin ruwa da iska, kuma har yau babu wanda ya kama waɗannan ƙa'idoji da ƙarya a irin wannan aiki. Warware su ne ya gagara. A 1883 Osborne Reynolds, malami a Manchesta, ya saki siririn zaren rini a cikin ruwan da ke gudana a bututun gilashi. Muddin ruwan yana tafiya a hankali, rinin yana miƙewa sambal. Da ya ƙara gudu, sai zaren ya fara rawa, ya tarwatse, ya gauraye da ruwan gaba ɗaya. Ya gano cewa abin da ke yanke hukunci lamba ɗaya ce, wadda ta haɗa gudun ruwan da faɗin bututun da danƙon ruwan, kuma idan ta wuce wajen 2,000 hargitsi na iya farawa. Ita ake kira lambar Reynolds. A 1895 ya kawo shawarar da har yau masana'antu ke cin moriyarta, wato a daina bin kowace ƙaramar guguwa, a raba gudana gida biyu, matsakaicin motsi da kuma rawar da ke kansa, a yi lissafin matsakaicin kawai. Sai dai wannan sauƙi da bashinsa ya zo. Da aka ɗauki matsakaici, sababbin adadi shida suka bayyana a lissafin, waɗanda ke wakiltar turin da guguwoyin ke yi, kuma ba su zo da ƙa'idar da za a nemo su da ita ba. Dole a cike gurbin da hasashe. Hasashen da ya fi karɓuwa na Joseph Boussinesq ne, tun 1877, cewa a ɗauki hargitsi tamkar ƙarin danƙo ne da iska ta samu, mai aiki iri ɗaya ta kowace fuska. Duk abin da ake kira samfurin hargitsi, daga nan zuwa yau, ƙoƙari ne na biyan wannan bashi.

Kafin kwamfuta, an biya shi ne da awo zalla. Ludwig Prandtl na Gottingen a Jamus ya nuna a 1904 cewa rikicin yana taruwa ne a siririn sashen da ke manne da bango, kuma wannan sashe shi ne bargon da ke hana zafi fita daga ƙarfe zuwa iska. Almajirinsa Johann Nikuradse ya yi aikin da ya fi kowane jan hali. Ya tankaɗe yashi har ya ware ƙwayoyi masu girma ɗaya, ya manna su da fenti a cikin bututai, ya shirya bututan daga mai kaushin kashi 1 cikin 15 na rabin faɗinsa har zuwa mai kashi 1 cikin 507, sannan ya auna tirjiyar ruwa a kowanne. Sakamakon da ya wallafa a 1933 shi ne ma'aunin kaushi da injiniyoyin bututu ke amfani da shi har gobe. A ɓangaren zafi kuma, ƙa'idar Dittus da Boelter ta 1930, daga Jami'ar Kaliforniya, ta ba da adadin zafin da bututu mai santsi ke kwashewa, kuma duk wanda ya ce haƙarƙari sun ninka kwashe zafi, da ita yake gwadawa.

Yaƙi da ƙarancin kaya ne suka fara huda cikin fiffike. Jamus ba ta da isasshen nikel da kuromiyam a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka masu ƙera injin Jumo 004 suka koma ga fukafukai masu rami da iska ke sanyayawa. Amma haƙarƙarin kansu sun fi samun kulawa da farko a wani fage dabam, fagen makamashin nukiliya na Birtaniya. Tashoshinta na samfurin AGR suna sanyaya sandunan makamashi da iskar kabon dayoksaid, kuma iska ba ta kai ruwa iya kwashe zafi ba, sai aka yi wa kwanson ƙarfen sandunan ƙananan haƙarƙari. Ɗimbin awon da aka yi a shekarun 1960 don wannan buƙata shi ne jarin da masu injin jirgi suka gada.

Ya kamata a tsaya a ga abin da iska ke yi idan ta ci karo da haƙarƙari guda, don a nan wahalar take. Tana tahowa manne da bango, sai ta iske shinge. A gindin shingen ta gaba, ƙaramar guguwa takan maƙale. Sauran iskar ta haye, amma ba ta iya bin kaifin kusurwa, sai ta rabu da bango ta yi tsalle. A bayan haƙarƙarin akwai aljihu inda iska ke juyawa a wuri ɗaya, tana komawa baya, kuma a lungun wannan aljihu ƙarfe yakan yi zafi domin iskar ba ta sabuntuwa. Can gaba, a nisan da ya kai tsayin haƙarƙarin sau shida zuwa takwas idan an ba ta fili, iskar da ta yi tsalle takan dawo ta daki bango, kuma a kusa da wurin dukan ne ake samun kwashe zafi mafi yawa, saboda tsohon bargon ya yage, sabo bai riga ya yi kauri ba. Idan aka matso da haƙarƙarin kusa da juna, iska ta riƙa wucewa ta samansu ba ta sauka, ramukan su zama matattu. Idan aka nisanta su, bargon ya sake yin kauri kafin ta kai na gaba. Shi ya sa tazarar da ta ninka tsayi wajen sau goma ta zama abin da aka saba gani. Ribar ita ce kwashe zafi yakan ninka sau biyu zuwa uku. Kuɗin da ake biya kuma tirjiya ce, wadda takan ninka fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma kowace faɗuwar matsi a cikin fiffike aikin kwamfireso ne ya tafi.

Webb da Eckert da Goldstein na Jami'ar Minnesota sun tattara wannan a 1971 cikin ƙa'idoji biyu, ɗaya ta tirjiya ɗaya ta zafi, bisa tafarkin Nikuradse. A 1978 Je-Chin Han, tare da Glicksman da Rohsenow a MIT, ya nuna cewa haƙarƙarin da aka karkata zuwa kusurwar digiri 45 sun fi na gicciye riba idan ƙarfin tura iska ɗaya ne. Han ya koma Jami'ar Texas A&M, ya shafe shekaru yana auna kowane fasali, hanyoyi masu kusurwa huɗu, masu faɗi da masu tsayi, haƙarƙari masu siffar V, da waɗanda aka yanyanka. Dalilin fifikon karkatattun shi ne suna jan iska ta bi tsawonsu, ta haifar da babban juyi a faɗin hanyar, wanda ke ɗauko iska mai sanyi daga tsakiya ya kai ta bango. Abin lura a nan shi ne wannan fasali, wanda yau ke cikin injina ba adadi, daga teburin gwaji ya fito. Lissafin wancan lokaci ba shi da idon ganinsa.

A daidai waɗannan shekaru, a Kwalejin Imperial da ke Landan, Brian Spalding da Brian Launder da ɗalibansu suna gina abin da zai zama ginshiƙin lissafin gudana a masana'antu. A 1972 Suhas Patankar da Spalding suka fitar da dabarar SIMPLE ta warware ƙa'idojin a kwamfuta, Jones da Launder kuma suka fitar da samfurin k-efsilon, wanda ke bin adadi biyu, ƙarfin hargitsi da saurin lalacewarsa, ya haɗa su ya fitar da ƙarin danƙon nan na Boussinesq. Fasalin da Launder da Spalding suka daidaita a 1974 shi ya yaɗu, musamman bayan da manhajojin kasuwa suka fito, PHOENICS a 1981 da Fluent a 1983. Samfurin yana da lambobi biyar da ba daga ƙa'idar Navier da Stokes suka fito ba. An tsamo su ne daga gwaje-gwajen gudana mai sauƙi, irin iskar da ta ratsa raga da iskar da ke bin shimfiɗaɗɗen bango. Don a rage wa kwamfutocin lokacin nauyi kuma, ba a lissafa siririn sashen bango kai tsaye, sai a ɗora masa ƙa'idar da aka auna a bango mai santsi inda iska ke tafiya gaba ba ta waiwaye.

Duk wanda ya bi bayanin aljihun bayan haƙarƙari zai ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar bango tana ɗauka iska na manne da bango tana tafiya gaba, a nan kuwa ta rabu da shi, wani wuri ma baya take yi. Tana ɗaure kwashe zafi da gogar da iska ke yi wa bango, alhali a wurin da iska ta dawo ta daki bango gogar sifili ce, kwashe zafi kuwa yana kan ganiyarsa. Hasashen Boussinesq yana cewa hargitsi ɗaya ne ta kowace fuska, amma a hanya mai kusurwa huɗu bambancin rawar iska ta fuskoki dabam-dabam shi ke haifar da ƙananan juyi a kusurwoyi, don haka samfurin ba ya ganinsu sam. Sannan ana ɗaukar cewa hargitsi yana yaɗa zafi kusan kamar yadda yake yaɗa motsi, da lamba tsayayya wajen 0.9, abin da ba ya tabbata a inda iska ta rabu da bango. Taron da aka yi a Jami'ar Stanford a 1980 da 1981, inda aka gwada samfura da awo a gaban alƙalai, ya nuna babu samfuri ɗaya da ya ci dukkan jarrabawa, kuma a gudanar da ke sauka daga kan dakali, wadda 'yar'uwar ta haƙarƙari ce, k-efsilon yakan rage tsawon tsallen iskar da wajen kashi ashirin cikin ɗari.

Shekaru ashirin da suka biyo baya na faci ne, kuma kowane faci yana da awon da ya jawo shi. Da aka cire ƙa'idar bango aka lissafa har jikin ƙarfe, sai kuskuren ya juya, samfurin ya riƙa zuzuta kwashe zafi a wurin dukan bango. C. R. Yap, ɗalibin Launder a Manchesta, ya ƙara wani gyara a 1987 mai rage girman guguwoyin da samfurin ke ƙiyastawa kusa da bango, kuma Iacovides da Raisee sun yi aiki da shi a hanyoyi masu haƙarƙari a ƙarshen shekarun 1990. David Wilcox ya fito da k-omega a 1988, Paul Durbin a Stanford ya kawo samfurin da ke ware rawar iska ta fuskar bango a 1991, Florian Menter kuma ya auri k-omega da k-efsilon a samfurin SST na 1994. Ma'aunin da aka riƙa gwada su da shi ya fito ne daga Cibiyar von Karman a Beljiyam, inda Rau da Arts da abokan aikinsu suka auna gudun iska da hasken lesa, suka auna zafin bango da fenti mai sauya launi, suka wallafa a 1998. Da Ooi da Iaccarino da Durbin da Behnia suka gwada samfura da wannan awo a 2002, samfurin Durbin ya fi sauran dacewa a bangon haƙarƙari, amma a bangon gefe mai santsi duk sun kasa, domin juyin da ke wanke wannan bango bai bayyana a lissafinsu yadda ya kamata ba.

Mai musu zai ce ai jirage suna tashi, fukafukai ba sa narkewa, kuma kamfanoni da waɗannan samfura suke zane, to ina laifin lissafin da ya kai ga biyan buƙata? Maganar tana da nauyi, amma ta tsallake yadda ake biyan buƙatar. Kamfani ba ya yarda da samfuri haka kawai. Yana daidaita shi da awon da ya tara na shekaru, ya san inda yake zuzutawa da inda yake ragewa, sannan ya bar rara. Rarar nan iska ce, kuma a injin zamani abin da ake karkatarwa don sanyaya sassan zafi yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da kwamfireso ya matsa, an kashe mai wajen matsa ta, ba ta kuma bi ta ɗakin ƙuna ba. Jahilcin da ke cikin samfuri, a tankin mai ake biyansa. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa, wato matsakaicin adadi. Samfuri yana iya zuzuta zafi a wuri ɗaya ya rage a wani, jimilla ta fito daidai, mai zane ya gamsu. Ƙarfe kuwa a wurin da ya fi zafi yake tsagewa, kuma abin da masu wannan sana'a suka saba faɗa shi ne kuskuren digiri 30 ko ƙasa da haka a zafin ƙarfe yana iya raba rayuwar fiffike biyu.

Juyawa ta ƙara dagula lissafi. Fiffike yana zagayawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma ƙarfin Coriolis yana tura iska mai sanyi zuwa bango ɗaya ya bar ɗayan, sannan iska mai zafi, da yake ta fi sauƙi, tana jan jiki zuwa tsakiyar injin. Wagner da Johnson da abokan aikinsu a cibiyar binciken United Technologies, ƙarƙashin wani shirin NASA, sun auna wannan a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. A hanya mai santsi da iska ke bi daga tsakiyar injin zuwa waje, kwashe zafi a bangon da ke baya bisa alƙiblar juyawar ya ninka fiye da sau biyu, a bangon gaba kuma ya faɗi ƙasa da rabi. Sun kuma ga karkatattun haƙarƙari suna rage wannan rashin daidaito. Ƙa'idar ƙarfin hargitsi ta k-efsilon, yadda aka rubuta ta tun asali, ba ta jin juyawa kai tsaye ko kaɗan.

Musu na biyu ya fi na farko ƙarfi. Tunda ƙa'idojin Navier da Stokes daidai suke, kuma kwamfuta kullum ƙara sauri take yi, me zai hana a jefar da hasashe a lissafa kowace guguwa? An yi hakan. A 1987 Kim da Moin da Moser, a cibiyar Ames ta NASA, sun lissafa gudana tsakanin bango biyu masu santsi ba tare da samfuri ba, da ɗigo kusan miliyan huɗu, a lambar Reynolds wajen 3,300. Leonardi da abokansa a 2003, da Nagano da abokansa a Japan a 2004, sun yi irinsa da haƙarƙari. Amma nauyin aikin yana hauhawa ne da lambar Reynolds sau kanta sau kanta, wato idan ta ninka goma aikin ya ninka wajen dubu, kuma a cikin fiffike lambar tana kaiwa dubun dubata, a manyan injinan lantarki har dubban ɗaruruwa. Hanyar tsakiya ita ce a lissafa manyan guguwoyi a ƙiyasta ƙanana, tunanin da ya faro daga masu hasashen yanayi, Smagorinsky a 1963 da Deardorff a 1970. A nan haƙarƙari sun yi wa masu lissafi rana, domin guguwoyin da suke zubarwa manya ne, girmansu daidai da haƙarƙarin. Danesh Tafti na Virginia Tech ya nuna a 2005 cewa wannan hanya tana kama har juyin bangon gefe da ya gagari sauran. To amma da me ya tabbatar? Da awon Cibiyar von Karman. Kuma abin da ya lissafa yanki ne guda na miƙaƙƙiyar hanya da ake maimaitawa, alhali mai zane yana son gwada fasali ɗari a mako, a fiffike mai lanƙwasa da huji da juyawa. Rahoton hangen 2030 da NASA ta fitar a 2014 ya amince cewa samfuran matsakaici za su daɗe ana aiki da su.

Kada a fahimci wannan a matsayin cewa lissafi aikin banza ne, wannan ma kuskure ne, kuma tsofaffin masu awo sukan faɗa cikinsa. Ƙa'idar da aka tsamo daga gwaji ba ta san komai ba a wajen fasalin da aka gwada. Babu wanda ke iya cusa na'urar awo a hanyar da ba ta kai faɗin yatsa ba, a cikin ƙarfen da ke juyawa a cikin wuta, shi ya sa ake awo a manyan kwaikwayo na roba mai gani-har-hanji, cikin iska mai sanyi, kuma lissafi ne gadar da ke ɗaukar sakamakon zuwa yanayin injin na gaske. Lissafin kowace guguwa ya zama shi ma wani irin ɗakin gwaji, yana ba da adadin da ba a iya aunawa, kuma da irin bayanansa ne Julia Ling da abokanta a Sandia suka horar da kwamfuta a 2016 ta gyara hasashen Boussinesq. Sai dai samfurin da ya koya daga misalai ya gaji rauni irin na lambobi biyar ɗin nan, iyakar saninsa iyakar abin da aka nuna masa.

Sabuwar jarrabawa ta zo daga wajen maƙera. Shekara da shekaru ana zuba fiffike ne a kan ƙwaryar tangaran da ake narkarwa daga baya, kuma abin da tangaran ke iya jurewa shi ke iyakance fasalin haƙarƙari. A 2017 kamfanin Siemens ya sanar da gwada fukafukan da aka gina daga garin ƙarfe da hasken lesa, shimfiɗa kan shimfiɗa, a injin da ke aiki da cikakken ƙarfi a Lincoln ta Ingila, yana juyawa sau 13,000 a minti, cikin zafin da ya haura digiri 1,250. Wannan hanya tana ba mai zane damar yin kowace irin hanya da kowane irin haƙarƙari, amma tana barin bangon ciki da kaushin garin da bai gama narkewa ba, kuma a siraran hanyoyi kaushin yana yin babban kaso na faɗin hanyar. Ƙungiyar Karen Thole a Jami'ar Penn State ta ɗauki hoton cikin irin waɗannan hanyoyi da na'urar sikan, ta auna tirjiya da zafi, ta samu tirjiyar ta zarce ta hanya mai santsi ƙwarai, kwashe zafi kuma bai ƙaru daidai da ita ba. Don su shigar da wannan kaushi cikin lissafi, sun mayar da shi zuwa kwatankwacin girman ƙwayar yashi, ma'aunin da Nikuradse ya kafa a 1933.